Casa'in da Huɗu

Ƙarfe biyar na asuba a Juiz de Fora
nake hawa sikeli, ba takalmi, ba 'yan kunne,
in fesar da numfashi duka, ko shi ma yana da nauyi.
Casa'in da huɗu.
Jiya ma haka. Talatar da ta wuce ma haka.

Mako tara ke nan rabona da shinkafa.
Ni kuwa Dalva, ita ce sana'ata:
in wanke kilo ashirin, in tsince tsakuwa daga baƙin wake,
in juya tukunyar da yaro zai yi wanka a cikinta,
don bakuna ɗari uku na makarantar bisa tudu.
Tururi ya doke ni a fuska, in kau da kai.
Ko gishiri ba na ɗanɗanawa,
sai in miƙa wa Neuza ludayi, in ce, duba mini.

Nawa yana cikin 'yar roba a ƙuryar firji:
ƙwai biyu, kabeji, cinyar kaza da fatarta.
A tsaye nake ci, ina kallon bango.

Ba yau aka fara ba.
Shekarar da na haifi Tiago, romon ganye na sha wata uku,
sha biyu suka tafi, sha biyar suka dawo, har da 'yan rakiya.
Sai ta abarba, da ta sale mini harshe.
Sai garin gwangwani mai ɗanɗanon alli
da maƙwabciya ke ba ni bashi.
Sai taron Alhamis a bayan coci,
inda ake tafa wa wadda ta ragu,
ni kuma a dafa mini kafaɗa.
Tsugune dai ba ta ƙare ba,
an sayar da biri an sayi kare.

Wannan karon na ce ba sitaci, ba suga, ba rogo.
Makon farko uku suka zube, na yi rawa a banɗaki.
Ashe ruwa ne.
Daga nan allura ta kafe kamar an buga mata ƙusa.

Likita Valdemar bai ɗago daga takarda ba ya ce:
jikin da aka sa wa yunwa sau shida ya daina yarda da kowa.
Na gane. Jikina tsohuwa ce da ta ga fari,
kome ta samu sai ta ƙulle a bakin zane,
ka yi ta rantsuwa gobe akwai, ba za ta kwance ba.

Neuza, da muka fara rana ɗaya, ta rage siket sau biyu.
Ina taya ta murna. Allah ya sani ina ƙoƙarin taya ta murna.
Osmar a mota yake cin burodinsa don kada in gani,
ya shigo da ɓurɓushi a gashin baki
yana ce mini shi ma ya ƙoshi da kabeji.

Yau wata 'yar aji biyu, Iracema, mai giɓi a gaba,
ta tsaya da farantinta, ta ƙi matsawa daga layi.
Ta ce, me ya sa ba kya cin abin da kika dafa?
Ba daɗi ne?

Ban sami amsa ba.
Da aka watse na kankaro ƙanzo daga gindin tukunya,
cokali ɗaya, mai ɗan ƙauri,
na bar shi a baki har ya narke don kansa.
Gishiri ya yi kaɗan.
Mako tara ke nan, kuma ba wanda ya gaya mini.

Da yamma na hau matakalar unguwarmu, ɗari da goma sha biyu.
Sai a ƙofa na tuna ban tsaya a ta sittin ba,
inda na saba riƙe gwiwa ina yi kamar ina duba waya.
Ban san a wane layi zan rubuta wannan ba;
littafin nan gurbin lamba kaɗai gare shi.

Na dafa ƙwai biyu na gobe.
Na ture sikeli da ƙafa zuwa ƙarƙashin gado,
ba can ciki ba,
inda hannu zai kai.